KAMBU A ZAUREN MALAM HADI

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, don Allah ku sassauta min. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana. Najwa 'yar Malam Hadi ce, malamin da 'yan kasuwa ke ɗaukar karatu a zaurensa a Fagge. Kullum tana zuwa shagon ɗinkin Mama Chinyere a Kasuwar Sabon Gari, a gida kowa ya san ɗinki take yi. Abin da ba a sani ba, a ɗakin bayan shagon ita ke horar da 'yan matan da za su shiga gasar sarauniyar kyau. Ranar da Malam ya ba ta izinin fita, magana ɗaya ya yi mata: "Na bar ki ne don ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Ranar da na kama ki, ƙafarki ta bar Sabon Gari." Jiya Asabar kuma Ifunanya, 'yar Mama Chinyere, ta cinye gasar bikin sabuwar doya.

To, mu je.

Bayan la'asar ɗin Lahadi Najwa na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Tsinta dai sunanta tsinta, don faranti na kan cinya, amma ido na kan wayar da ta ɓoye a gefen zani. Ba ta je wurin gasar ba, ba ta isa ba. Bidiyon da aka turo mata take ta maimaitawa, daidai inda Ifunanya ta tako, ta tsaya, ta juya, ɗakin taro ya ɗauki ihu.

"Ke wai lafiya kike ta washe baki ke kaɗai tun safe?" Umma ta tambaya daga bakin murhu.

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ɗin ne ya sa kike zubar da shinkafa kina ajiye tsakuwa?"

Najwa ta duba faranti, ta ga gaskiyar Umma. Tana shirin yin dariya sai ta ji kukan akuya a ƙofar gida. Bayan kukan akuya sai tafi. Bayan tafi sai muryoyin mata suna waƙa da Ibo, yaran layi kuma na bin su da ihu.

"Ga sarauniya! Ga sarauniya!"

Ta san muryar da ke ba da waƙar. Ko cikin barci aka tashe ta za ta gane muryar Mama Chinyere.

Faranti ya suɓuce, shinkafa ta watse, kaji suka samu na yamma.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali.

"Ke! Mene ne?"

Ba ta amsa ba. Ta fizgi hijabi a kan igiya, ta yi hanyar zaure da sanɗa, ta laɓe a bayan labule. Ta ɗan buɗa gefe ta leƙa.

Zaure cike yake da masu karatu, manyan mutane daga Kantin Kwari da Bata, kowa da littafinsa a gaba. Malam na kan buzu, tabarau a kan hanci. A bakin ƙofa kuwa ga Kenechukwu, mijin Mama Chinyere, da jar hula da rigar biki. A bayansa mata ne da ɗaurin kai iri ɗaya, wata da manyan doya, wata da katan ɗin lemo, wata da turmin atamfa, wata na jan akuya. A tsakiyarsu Ifunanya ce cikin doguwar riga har ƙasa, ta yafa mayafi a kafaɗa, kambu na walƙiya a kanta.

Jama'a, ko maƙiyin Allah ya ga yarinyar nan sai ya ce masha Allah. Ba farin fata ba ne, ba kwalliya ba ce. Tsayuwar ce kawai. Ta cire takalmi, ta tako cikin zauren ba sauri ba nawa, sai kawai aka ji muryoyin karatu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum, Malam," in ji Kenechukwu.

"Maraba, maraba. Ku shigo. A ba baƙi tabarma."

Alhaji Nu'uman, wanda ya fi kowa daɗewa a gaban Malam, ya matsa gefe yana tattare babbar riga kamar za a ɗiga masa manja.

Kenechukwu ya durƙusa ya ajiye faranti a gaban Malam. Goro ne a ciki, irin nasu mai ɓari huɗu.

"Malam, ka yi haƙuri mun zo ba sanarwa. Mu a wurinmu, idan ɗan mutum ya yi maka alheri, ba ɗan kake fara gode wa ba. Gidan da ya fito kake zuwa, ka gode wa uban da ya haife shi, a gaban mutane. In ka yi a ɓoye, ka raina alherin. Shi ya sa muka zo lokacin da muka san zaurenka na da jama'a."

Najwa ta dafe kai. Ita ta jawo. Tun shekarun baya Mama Chinyere ta tsare ta ta ce, "Babanki ya san aikin nan?" Ita kuma ba ko ƙifta ido ta ce ya sani. Ta yi ƙarya a Fagge, ta yi ƙarya a Sabon Gari, yau ga su sun haɗu a zaure ɗaya.

"Madalla," in ji Malam. "Wanne daga cikin 'ya'yan nawa?"

"Najwa mana."

Malam ya ɗan sauke tabarau.

"Malam, kalli yarinyar nan," Kenechukwu ya nuna 'yarsa. "Da ka san ta a da, sai ka yi kuka. In'ina gare ta, ga tsayi, yara suka sa ta a gaba da dariya har ta ce ta bar makaranta. Tana tafiya a ranƙwashe kamar mai neman allura. Baƙo ya yi sallama, ta shige ƙarƙashin tebur. Na kai ta asibiti, na kai ta wurin addu'a, ba abin da ya canza. Jiya yarinyar nan ta riƙe makirufo a gaban jama'ar da ta cika ɗakin taro, ta yi magana har dattawanmu suka miƙe tsaye. Aikin 'yarka ne."

Ifunanya ta matso, ta durƙusa har ƙasa. Ta sa hannu biyu ta cire kambun, ta ajiye shi a bakin buzun Malam.

"Baba," ta ce, muryarta a natse, kalma na bin kalma. "Ni aka ɗora wa, amma daga gidanka ya fito. Anti Najwa ta ce min, in harshena ya sarƙe kada in yi kokawa da shi. In tsaya, in ja numfashi, in kalli mutane, su za su jira ni. Kuma suka jira. Na gode, Baba. Allah Ya ƙara girma."

A bayan labule Najwa ta toshe baki da hijabi, hawaye na zuba. Tsoro na kashe ta, amma wallahi daɗi ma na kashe ta, don yarinyar ba ta yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.

"Sannan muna da roƙo," Kenechukwu ya ci gaba, shi dai bai san wutar da yake hurawa ba. "Wadda ta ci a Kano za ta je babbar gasa a Enugu. Ifunanya ta ce ba za ta taka ko'ina ba sai da malamarta. Mun zo neman izininka."

"Gasar me?" Alhaji Nu'uman ya yi caraf.

"Sarauniyar kyau, Alhaji."

"A'uzu billahi! A gidan nan?"

Malam ya ɗaga masa hannu, Alhaji ya kama bakinsa. Malam bai juya ba, bai ɗaga murya ba.

"Najwa."

Ta ƙara maƙalewa a bayan labule.

"Na ga yatsun ƙafarki a ƙasan labule. Fito."

Ta fito, ta tsugunna a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Mama Chinyere na shirin rangaɗa guɗa irin tasu sai ta ga fuskar Najwa. Haifaffiyar Kano ce ita, Hausa a bakinta kamar ta kowa, kuma ta san me irin wannan fuskar ke nufi. Ta kalli Malam, ta kalli masu karatu, ta kalli mijinta, nan ta gane ashe Malam bai sani ba.

"Baba Malam," ta yi sauri ta ce, "maigidana bai iya bayani ba ne. Ɗinki ne. Rigar nan da ka gani ita ta ɗinka, shi ne muka zo godiya. Ba wani abu ba."

"Chinyere, me kike..." Kenechukwu ya fara, ta danne masa ƙafa.

"Au, ɗinki," in ji Alhaji Nu'uman, ya sauke ajiyar zuciya. "To ai ɗinki sana'a ce. Tela ba ruwansa da inda za a je da riga."

Masu karatu suka shiga gyaɗa kai. Kowa ya samu mafita, kowa na so a rufe maganar a haka.

Malam ya dubi 'yarsa.

"Haka ne? Ɗinki kawai kika yi?"

Ga ƙofa a buɗe, ba sai ta wahala ba. "E" ɗaya za ta ce, gobe ta ɗauki jakarta ta koma shago kamar ba a yi ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai idonta ya faɗa kan Ifunanya. Yarinyar na durƙushe tana kallon ta, kafaɗunta sun fara ranƙwafawa, irin ranƙwafawar da suka sha wahala kafin su raba ta da ita.

"A'a, Baba."

"Na'am?"

"Ba ɗinki kawai ba ne. Ni na koya mata tafiya. Ni na koya mata tsayuwa da magana. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu kafin ita. Mama Chinyere ba ta da laifi, ni na ce mata ka sani."

Alhaji Nu'uman ya saki salati mai tsawo. Wani ya rufe littafinsa. Akuya ce kaɗai ta samu bakin magana a ƙofa.

Nan ne na ƙara sara wa Malam Hadi. Wani uban da tuni an ji ƙarar mari, ko a kora baƙi da doyarsu. Shi kuwa ya miƙa hannu ya ɗauki goro ɗaya, ya juya shi.

"Yaya kuke yi da shi a al'adarku?"

"Mai gida ke sa albarka, ya fasa, a raba," Kenechukwu ya amsa, murya ta yi ƙasa.

"To bismillah."

Ya fasa, ya ci ɓari ɗaya duk ɗacinsa, ya miƙa wa Kenechukwu, ya miƙa wa Alhaji Nu'uman. Alhaji ya karɓa kamar an ba shi garwashi, amma ya ci. Sannan Malam ya ɗauki kambun da hannu biyu ya miƙa wa Ifunanya.

"Karɓi abinki, 'yata. Allah Ya tsare ki, Ya tsare mutuncinki, Ya sa bakin nan da ya buɗe ya faɗi alheri. Kun taka ƙafa kun zo gidana da girmamawa, na karɓa, na gode. A kawo wa baƙi ruwa da zoɓo."

"Malam, maganar Enugu..."

"Ku ba ni lokaci."

Sai da suka sha, ya sa aka ɗauko kwalbar turare ya ba Kenechukwu tukuici, ya raka su har bakin titi. Mama Chinyere na fita tana waiwayen Najwa, ido jawur. Da ya dawo ya ce wa masu karatu, "A tsaya nan, sai gobe in Allah Ya kai mu." Kowa ya tattara littafinsa ya fita.

A tsakar gida Umma ta riga ta ji komai, tana tsaye ta rasa inda za ta sa hannunta. Malam ya ja kujera ya zauna a inuwar ɗaki. Najwa ta zube a gabansa.

"Tun yaushe?"

"Baba, ka yafe..."

"Ban zo nan ba tukuna. Tun yaushe?"



"Tun ina 'yar firamare. Ranar da Umma ta kai ni awon kayan salla a shagon Mama Chinyere. Akwai 'yar talabijin a saman kabad, ana nuna gasar. Ana auna ni, ni hankalina na can."

"Tsiraicin ne ya burge ki?"

"Wallahi a'a, Baba. Ko kayan ban tuna ba. Wata ce ta fito ita kaɗai, wuri ya cika da manyan mutane, tana tahowa kowa ya yi shiru. Aka yi mata tambaya, ta tsaya ta yi tunani, ba wanda ya katse ta, ba wanda ya ce ta yi sauri. Ta gama aka tafa. Ban taɓa ganin an jira mace ta gama magana haka ba. Na dawo gida na kasa mantawa."

Najwa ta ci gaba.

"Na dinga tara takardar alawa mai ƙyalli ina liƙawa a kwali ina yin kambu. In kun fita, sai in ja layi da gawayi a nan tsakar gida, in ɗora kofi cike da ruwa a ka, in yi ta bin layin."

"La ilaha illallahu," in ji Umma. "Ashe ke kika ƙarar min da kofunan gilas? Ni ina ta zagin kyanwa!"

"Ummakulsum," in ji Malam.

Umma ta kama bakinta.

"Kin so ki shiga gasar da kanki?" ya tambayi Najwa.

"Na so, Baba. Na so ƙwarai. Amma na san gidan da na fito, ban taɓa sa rai ba. Na yi kukana na share. Sai na ga ashe abin da na koya ba sai a kan dandamali yake amfani ba. Yarinya za ta zo min ba ta iya haɗa ido da kowa, ta tafi tana iya tsayawa ta faɗi sunanta. Wasu ma ba gasa suka shiga ba, neman aiki suka je. Kuma duk wadda ta bi ta hannuna, da doguwar riga take fita, sharaɗina ke nan. In ina cikin ɗakin nan ina cewa 'ɗago, tako, tsaya', nan ne kawai nake jin ni ce ni."

"Nan kuma gidan ubanki, wace ce ke?"

Tambayar ta soke ta. Sai hawaye.

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Yau mutum ya taso da matarsa da danginsa da akuyarsa, ya durƙusa a gabana yana gode min a kan 'yata. Yana ba ni labarinki, ina sauraro kamar ana ba ni labarin 'yar wani gari. Sabon Gari kaf sun san ki, Najwa. Ni da na yi miki huɗuba ni ne ban san ki ba."

"Baba..."

"Kin san sharaɗin da muka yi."

"Na sani."

"Kuma ɗazu matar nan ta shimfiɗa miki hanya. Kalma ɗaya za ki faɗa ki tsira da shagonki. Me ya hana ki?"

"Ifunanya na kallona. Na sha gaya mata kada ta ji kunyar kanta a gaban kowa. In na yi ƙarya a gabanta, na rushe ta."

Umma ta matso a hankali.

"Malam, don Allah a duba. Yarinta ce..."

"Ba yarinta ba ce. Da yarinta ce da ta wuce tuntuni."

Ya mayar da tabarau ya gyara zama.

"Ban ce na yafe ba. Ban ce za ki koma shago ba, balle Enugu. Amma shekara da shekaru ina hana mutane yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba, ba zan fara a kan 'yata ba. Tashi."

Ta ɗan ɗago a razane.

"Je ki bakin zaure. Ki tako daga can zuwa nan, yadda kike koya musu. Ina so in ga abin da aka ɓoye min."

"A gabanka, Baba?"

"A gabana."

Ta miƙe. Ta je bakin zaure ta juyo. Tsakar gidan da ta taka ita kaɗai tun tana yarinya, yau ya yi mata tsawo kamar Titin Ibrahim Taiwo. Umma ta ja baya ta jingina da bango, hannu a ƙirji.

Najwa ta gyara hijabi, ta ɗaga ƙafa, ido na kan yatsunta kamar yadda ta saba a gabansa.

"Tsaya," in ji Malam. "Ba haka yarinyar nan ta shigo min zaure ba."

Ta tsaya cak.

"Ɗago kanki."

Ta ja numfashi. Ta saki kafaɗa, ta miƙe wuya, ta ɗago a hankali har idonta ya shiga cikin na mahaifinta, abin da rabonta da yi tun tana zama a cinyarsa.

Idon Malam Hadi cike yake da hawaye.

"Taho," ya ce.